Daga Irin Auduga Zuwa Irin Mutum: Wa Zai Zaɓa Wa Jariri Jininsa?

Duk wanda ya taɓa noman auduga a ƙasar Garwa ya san cewa iri shi ne tushen amfanin gona. Kowace shekara kafin damina manoma kan karɓi iri daga kamfanin SODECOTON, kuma ba wanda yake ganin laifin malaman gona don sun zaɓi irin da ya fi yabanya sun ajiye wanda bai fi ba. Haka ma makiyayi, ba ya barin kowane bijimi ya hau shanunsa. Wannan al'ada ce da muka gada kaka da kakanni, ba mu taɓa jin wani malami ya hana ba. To amma yau masana a ƙasashen waje sun kai ga iya taɓa irin ɗan Adam kansa, wato su shiga cikin ƙwayoyin gadon da yaro ke ɗaukowa daga uwa da uba su sāke wani abu a ciki. Wani zai ce ina ruwan mutumin Hausare ko Yalwa ko Rumde Ajiya da abin da ake yi a Sin da Amurka. Da ruwanmu ƙwarai, domin ɗaya daga cikin cututtukan da aka gwada wannan ilimi a kansu aka yi nasara, cuta ce da ke cikin gidajenmu, wato sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, a takardun asibitinmu kuma ake rubuta ta drépanocytose.

Kafin mu je ga mutum, bari mu ɗan tsaya a kan dabba da shuka, don a nan ƙasar tamu an riga an ga yadda gyaran iri yakan zo da abin da ba a zata ba. A shekarar 1952 Turawan Faransa suka fara kawo bijimai irin Barahaman daga Amurka zuwa gidan gwajin dabbobi na Wakwa, kusa da Ngaundare, aka haɗa su da shanun Gudali don a samu saurin girma da yawan nama. An samu girman kuwa, amma sai ga shi 'ya'yan da aka haifa kirci yana kama su fiye da yadda yake kama Gudalin gida. A Burkina Faso kuma, a 2008 aka fara noma audugar da aka sāke wa ƙwayoyin gado don kada tsutsa ta ci ta. Tsutsa ta ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har a 2016 ƙasar ta koma wa irinta na da. Bijimi idan bai yi ba sai a kai shi mahauta, iri idan bai yi ba sai a canza baɗi. Ɗan mutum fa, ina za a mayar da shi?

Sikila da yadda ake gadonta

Har yanzu akwai gidajen da idan yaro yana yawan kukan ciwon ƙashi, hannuwa da ƙafafu suna kumbura, idanu sun yi shawara, saifa ta taso, sai a ce iska ce ko mayu. Idan kuwa yara biyu ko uku suka rasu a jere a ɗakin mace guda, sai a ce wabi take yi. Ba mu ce duk wabi sikila ba ce, amma babu shakka ta ci da yawa daga cikin waɗannan yara ba tare da an san sunanta ba. A Garki, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a shekarun 1970, aka auna jinin dubban mutanen ƙauye. Sai aka tarar kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari suna da sikila, amma cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya cikin dubu. Ina sauran suka shiga? Sun riga mu gidan gaskiya tun ba su isa shiga makarantar allo ba.

Yadda abin yake shi ne, kowane mutum yana karɓar rabo biyu na abin da ke gina jan jininsa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai AA ya karɓi lafiyayye daga kowane ɓangare. Mai AS ya karɓi lafiyayye ɗaya da na sikila ɗaya, kuma shi lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako yana haihuwa, sau da yawa har ya tsufa bai sani ba. Mai SS shi ne ya haɗa biyun. Ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne azabar ciwon take tasowa. Akwai kuma wani nau'i da ake kira C, wanda idan ya haɗu da S shi ma yana kawo cutar. A Nijeriya da Kamaru, masu ɗauke da AS sun kai tsakanin mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu, gwargwadon yanki. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da matar ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura da kyau, kowane ciki lissafinsa dabam. Mutane da yawa suna zaton idan na fari ya zo da ita to uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Akwai gidan da za a haifi shida ba ko ɗaya, akwai kuma gidan da uku za su zo da ita a jere.

Abin mamaki a nan, wannan ƙwayar gado da muke kuka da ita, ita ce ta raya kakanninmu. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa yara masu AS sun fi sauran tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ta yawaita a inda sauro ya yawaita, irin bakin Binuwai da fadamun Lagdo. Wani binciken da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa ta fara ɓulla ne a jikin mutum guda kimanin shekara 7,300 da suka wuce, kuma cikin rassa biyar da masana suka kasa ta, ɗaya sunan ƙasarmu aka sa masa, wato reshen Kamaru. Da a ce a wancan zamani akwai mai ikon share ta daga jinin mutane baki ɗaya don yana ganin aibu ce, da wataƙila zazzaɓi ya share zuriyar da mu muka fito daga cikinta.

A 2012 wasu mata biyu masana, Jennifer Doudna ta Amurka da Emmanuelle Charpentier ta Faransa, suka bayyana wata dabara da ake kira CRISPR. A taƙaice almakashi ne da ke iya zuwa daidai wurin da aka aike shi cikin ƙwayoyin gado ya yanka. An ba su kyautar Nobel a 2020. A watan Yuli na 2019 aka fara gwada dabarar a kan wata mai sikila a Amurka, Victoria Gray. Likitoci suka ɗebi ƙwayoyin ɓargonta, suka gyara su ta yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, sa'an nan suka mayar mata. Ciwon da ta saba da shi tun tana jaririya ya daina tashi. Ingila ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a watan Nuwamba na 2023, Amurka ta bi baya a watan Disamba.

Mu kam ba mu ga abin ƙi a cikin wannan ba. Mara lafiya ne da hankalinsa aka yi masa bayani ya yarda, gyaran kuma ya tsaya a jikinsa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa. Sai dai akwai wahala a ciki: kafin a mayar da ƙwayoyin dole a ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a kashe tsohon ɓargon, kuma wannan magani yana iya hana haihuwa. Ku duba yadda wannan magana za ta yi nauyi a wurin budurwa 'yar shekara goma sha takwas a garinmu. Ga kuma kuɗi. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, wato sama da sefa biliyan ɗaya, a kan mutum guda. Ko an sayar da duk shanun da ke shiga kasuwar Pitowa ranar Lahadi ba lalle su biya wa yaro ɗaya ba. Cutar tamu ce, maganin kuma yana can inda ba mu isa ba.

Abin da ya tayar da hankalin duniya wani ne dabam. A watan Nuwamba na 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya ba da sanarwar cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya sāke wa ƙwayoyin gado tun suna ɗigon ruwa a cikin kwalba, kafin a dasa su a mahaifar uwarsu. Ubansu yana da ƙwayar cutar ƙanjamau, shi kuma ya ce yana so ya toshe ƙofar da cutar ke bi ta shiga jiki. Amma yaran ba su da ciwon komai, kuma tuni likitoci suna da hanyoyi masu sauƙi na hana uba ya sa wa ɗa wannan cuta. Da masana suka duba aikin sai suka ga yankan bai fito yadda ya nufa ba, kuma ƙofar da ya nemi toshewa tana da nata amfani wajen kare jiki daga wasu cututtukan. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019, ya fito a 2022. Su kuwa yaran, abin da aka yi musu yana cikin jininsu, kuma idan Allah ya ba su haihuwa yana iya bin 'ya'yansu da jikokinsu. Ba wanda ya nemi izininsu, balle na waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Tun daga 1990 likitoci a Ingila suka fara auna ɗan tayin da aka haɗa a kwalba kafin a dasa shi, don a kauce wa cutar gado. A 'yan shekarun nan kuma wasu kamfanoni a Amurka sun fara tallar cewa za su jera wa iyaye 'yan tayinsu su nuna musu wanda ake sa ran zai fi tsawo ko ƙwaƙwalwa. Manyan ƙungiyoyin masana sun ce wannan alkawari ya fi ƙarfin ilimin da ake da shi, don tsawo da basira ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da su ba, dubbai ne, ga kuma abinci da tarbiyya da makaranta. Kada mu ɗauka abin yana nesa. Tun 1998 aka haifi jariri na farko ta hanyar haɗin kwalba a Duwala, akwai kuma asibitin gwamnati na wannan aiki a Yawunde, har a 2022 aka kafa dokar da ta tsara shi. Mai kuɗin da yake kai iyalinsa Dubai ko Indiya ganin likita, ba abin da zai hana a yi masa wannan talla.

To a nan ne ya kamata mu dubi kanmu. Da za a buɗe irin wannan kanti a babbar kasuwar Garwa a ce kowa ya zo ya zaɓa wa ɗansa kama, me muke zaton za a fi saye? Mu dai mun san amsar. Za a sayi ɗa namiji, za a sayi farar fata da dogon hanci. Ba sai mun je nesa neman shaida ba: man bilicin ya yi yawa a ƙasar nan har a watan Agusta na 2022 Ministan Lafiya Manaouda Malachie ya hana shigo da wasu daga cikinsu. Wadda ta yarda ta ƙona fatarta don ta yi haske, kuna ganin za ta ƙi a haskaka mata 'yarta tun daga ciki? Su ma mazan da ke sa mata yin haka da irin zaɓensu, ba su fita ba. A Indiya, da na'urar duba ciki ta yaɗu, sai aka shiga zubar da cikin 'ya'ya mata har gwamnati ta kafa doka a 1994 ta hana likita ya faɗi jinsin abin da ke ciki. Na'urar ba ta zo da ƙin 'ya mace ba, ta tarar da shi ne a gida ta ba shi hannu.

Malaman addini ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta zauna a Makka a 1998, haka kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a 2013. Abin da suka tsaya a kai ya yi kusa da juna: ya halatta a yi amfani da wannan ilimi don magance cuta ko kare ta idan cutarwarsa ba ta fi amfaninsa ba, amma bai halatta a yi wasa da halittar mutum da sunan kyautata iri ko sāke kama ba. Sun kuma yarda da gwajin jini kafin aure.

Gwajin aure, da wanda yake ɗaukar nauyinsa

Gaskiyar magana, zaɓen iri da ke hannunmu yau ba a kwalba yake ba, a zauren ɗaurin aure yake. Mun daɗe muna yinsa, don idan aka zo neman aure sai an binciki asali, a tambayi ko akwai kuturta ko hauka ko farfaɗiya a dangi. Mu Hausawan Kamaru kuma muna da wani hali na musamman. Da yake ba mu da yawa, kuma muna son riƙe harshe da zumunci, mukan yi auren gida, ɗan wa da 'yar ƙane, ko a aika Yola ko Mubi ko Kano a ɗauko 'yar dangi. Auren zumunci ba shi ne ke haifar da sikila ba, bare da bare ma suna haifarta. Amma idan kaka ɗaya ce ta ba jikokinta biyu S, to haɗa su aure ƙara kusantar da ita ne.

A Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a watan Mayu na 2024 a kan dokar da ta wajabta gwajin jini kafin a ɗaura aure, har da na sikila da ƙanjamau da ciwon hanta, da tara ko ɗauri ga wanda ya karya. Duk wanda zai je neman aure can sai ya san da haka. Saudiyya ta wajabta nata gwajin tun 2004, sai dai ta bar wa masu auren su yanke shawara bayan likita ya yi musu bayani. Mu a ganinmu wannan ta biyun ta fi kusa da daidai. A wajabta sani, amma a bar hukunci a hannun masu abin, domin in aka ce takarda ce kaɗai ke buɗe ƙofar aure, ba za a rasa mai sayar da takardar ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne lokacin gwajin. Sai an kai gaisuwar iyaye, an yi baiko, an kai lefe, an buga kati, ana saura mako guda, sa'an nan a ce a je asibiti. A wannan lokaci wane uba ne zai iya tsayawa gaban dangi ya ce a fasa? Sai a ce a bar wa Allah, alhali Allah ne ya ba da ilimin gwajin. Da za a auna yara tun suna makaranta, kowa ya tashi ya san jininsa kamar yadda ya san sunan kakansa, da magana ba ta kai ga nan ba. Gwajin ana kiransa électrophorèse a asibitocinmu, sau ɗaya ake yinsa a rayuwa in an yi shi a wurin kirki, kuma ba sai an je Yawunde ba, ga reshen Cibiyar Pasteur nan a Garwa.

Sa'an nan a yi hattara kada gwaji ya zama tambarin da ake buga wa 'ya'ya mata. Mun san halinmu, idan yaro ya zo da ciwo uwar ake kallo, a ce jinin gidansu ne, har ta kai ga saki ko a yi mata kishiya don a samu masu lafiya. Alhali yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da rabinsa. Yarinya mai AS ba ta da wani aibu, in ta auri mai AA ba za ta haifi mai sikila ba ko ɗaya. Mai SS ma yana aure yana haihuwa. A Amurka an taɓa faɗawa wannan rami: a shekarun 1970 aka yi ta gwada baƙaƙen fata, sai masu AS, waɗanda lafiyarsu lau, suka riƙa rasa aiki da inshora, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ma ba ta daina ƙin ɗaukarsu ba sai 1981.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi a fili, wato ta ma'auratan da suka riga suka yi aure, suka binne ɗa ko biyu, matar kuma ga ciki. Ana iya auna abin da ke cikin tun yana 'yan watanni. Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan ƙasar nan masanin cututtukan gado, ya tambayi mutane a kudu kan wannan batu. Mafi yawan iyayen yara masu sikila sun ce suna son a auna, fiye da rabinsu kuma sun ce za su yarda a zubar in an tarar SS ne. Amma da aka tambayi likitoci da su kansu manya masu sikila, waɗanda suka yarda da zubarwar ba su kai rabi ba. Uwar da ta kwana arba'in a gefen gadon asibiti ba za mu zage ta don abin da ta faɗa ba. Amma shi mai ciwon da ya ce gara da aka haife shi, shi ma a saurare shi. Dokar Kamaru dai ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton lafiyar uwa ko in fyaɗe aka yi. Majalisar Makka ta yi sassauci a 1990 kan tayin da likitoci suka tabbatar yana da mummunar naƙasa in bai kai kwana 120 ba, amma mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi tsanani a wannan babi, kuma sikila ba hukuncin kisa ba ce in an samu kulawa.

Kulawar kuwa ba ta biliyan ba ce. Yaron da aka gano tun yana jariri, aka yi masa rigakafi cikakke, ana ba shi maganin kare ƙwayoyin cuta da na ƙarin jini, yana kwana cikin gidan sauro, ana rufe shi da kyau lokacin hunturu, ana ɗura masa ruwa a zafin Maris da Afrilu da Garwa kan wuce awo 40, ana kuma garzayawa da shi asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi, wannan yaro yana da kyakkyawan zaton girma. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna hydroxyurée da ake sha kullum. Gwajin da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda ya nuna tana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har da yawan zazzaɓi. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma likitoci sun nuna cewa idan aka duba gudun jini a kan yaro da na'ura, aka gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wannan ƙwaya tana kare shi. Ba a shanta da ka, sai likita ya auna nauyin yaro ya kuma riƙa duba jininsa lokaci lokaci. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen koyon likitanci, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 19 ga Yuni ta kowace shekara don wannan cuta. Muna roƙon limamanmu da sarakunan Hausawa na Garwa da Marwa da Ngaundare da Gidar su nemi likitoci su zo su yi wa jama'a bayani da Hausa da Fulatanci a wannan rana, a kuma tanadi wurin gwaji a ƙofar fada, maza da mata kowa da nasa layi, sakamakon kuma a miƙa wa mai shi a rufe.